Shekara tara bayan Nomau, ciwon ya koma gidan wansa

Bana shekara tara ke nan da muka binne Nomau a bayan majami'ar ƙauyensu, can arewa da Bici. Ba shi da sarauta, bai taɓa neman kujera ba, kuma in ka cire masu awon wake a kasuwannin ƙauye, ba wanda zai ce ya san sunansa. Na nemi filin nan a jarida ne don abokina ne tun muna kiwon awaki, kuma don ciwon da ya kashe shi ya sake kama wani a gidansu. Ina tsaye ina kallo ana bi da yaron hanyar da aka bi da shi.

Ni mai sayar da wake ne da riɗi a Dawanau. Da dako na fara, na koma awo, har Allah ya ba ni shago. Nomau ne idona a ƙauye. Shi ke zagaya kasuwanni ya saya mini, ni kuma in tara in sayar wa manyan motoci. Mu Musulmi ne, su Kirista, kakanninsu Maguzawa, amma gonarmu da tasu layin gamba ne kawai ya raba. Yakan kira ni Alhajin Wake. Ni kuma in ce masa Fasto, don ya fiye yi wa masu tauye tiya wa'azi a tsakiyar kasuwa, har sai mutum ya cika mudun don ya huta da bakinsa.

Ciwon ya fara masa yana da ƙarfinsa, bai kai arba'in ba. Murɗar ciki, sai gudawa, sai jini da majina a bayan gida. Ya lafa wata biyu ko uku har a ce ya warke, sai ya dawo ya fi na baya. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mu ba mu da daji. Duk taƙin ƙasa an nome shi, daga ƙofar gidan wannan kana hango ƙofar gidan wancan. Da damina dawa takan rufa wa mutum asiri. Amma da an yi girbi an kwashe kara, wanda ya tsuguna a gona ana ganinsa daga nesa, kuma ana sanin ko wane ne. Ga mutumin da cikinsa ba ya ba shi lokaci, in ya kira shi ya kira shi, rani azaba ce da ba a faɗa wa kowa. Nomau ya koma zaɓen kasuwa ba don arhar kaya ba, sai don akwai masai a kusa. Ranar tafiya kuwa ba ya sa komai a baki tun safe, sai ruwa.

Wata rana muna dawowa daga Zakirai a bayan akori-kura, ya buga rufin motar a tsaya. Ba a yi nisa ba ya sake bugawa. Direban ya leƙo ya ce, "Kai Baba, in gonar nan kake son yi wa taki, ka sauka gaba ɗaya mana mu wuce!" Mota ta ɗauki dariya. Nomau ya dawo yana gyara wando, ya ce, "Ɗana, ai kyauta nake yi musu. Kai da kake ajiye naka, me ka samu?" Aka sake dariya, shi ma ya yi. Da muka tashi ya jingina da buhu ya rufe fuska da hularsa.

Ba maganin da ba a ba shi ba. Aka ce basir ne, ya sha jiƙo. Aka ce atuni ne, mai kemis ya ba shi ƙwayoyi. Aka ce tsutsa ce, aka yi masa wankin ciki, mutumin da cikinsa bai taɓa tsayawa ba. A wurinmu ciwo baƙo ne: daga waje yake shigowa, ta ruwa ko ta abinci ko ta hannun maƙiyi, magani kuma shi ne abin da zai kore shi. Duk wanda ya zo duba shi da abin kora yake zuwa. Da ya rame sosai sai aka fara raɗa cewa ƙanjamau ne, ai matafiyi ne. Ya je aka gwada shi, ya sake zuwa aka sake gwadawa, babu. Raɗar ba ta tsaya ba, sai dai ta rage murya.

Abin da ya fi yi masa ɓarna a gida ya faru. Nomau da wansa Jatau gandu ɗaya suke nomawa tun rasuwar ubansu, rumbu ɗaya, kuma kowace yamma sukan yi ciyayya a ƙofar gida: matar kowa ta fito da kwanonta, maza su zauna su ci na wannan su ci na wancan. Nomau mutum ne mai lura. Ya gane da kansa cewa in ya ci dambu, ko wake, ko miya mai yaji, washegari ba ya iya miƙewa, amma in ya sha kunu ko ya ci farar shinkafa abin yakan yi sauƙi. Ga kuma kunyar tashi a tsakiyar cin abinci a gaban yara. Sai ya koma cin nasa a ɗaki. Bai yi wa kowa bayani ba, don bayanin duk na bayan gida ne, ba a yin sa a gaban wa.

A wajenmu kuwa, in mutum yana ciwon da aka rasa kansa, sannan ya janye hannunsa daga kwanonka, magana ɗaya ya faɗa: yana zargin ka da sammu. Haka Jatau ya ɗauka, haka kowa ya ɗauka. Ya tare shi a gona ya ce, "Nomau, me matata ta zuba a kwanona da ba za ka ci ba? Faɗa mini in sani." Nomau ya ce, "Yaya, ba kwanonka ba ne, cikina ne." Jatau ya ce, "Cikin naka yana karɓar na matarka ai." Kafin damina ta zagayo an raba gandu. Gonar da dama ba ta ishe su ba aka tsaga ta biyu.

Sai da ya fara faɗuwa don rashin jini na ɗauke shi zuwa babban asibiti a birni. Nan aka sa masa wata na'ura mai ido ta ƙasa aka leƙa hanjinsa, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likitar mace ce, mai haƙuri, kuma da Hausa ta yi mana bayani. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma sana'ata ta koya mini in saurari magana har in gane ta, don haka ga abin da na riƙe.

Ta ce cikin hanjin kowane ɗan Adam cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ba cuta ba ne, mazauna ne, suna taya mu narkar da abinci. Tsakaninsu da naman jiki akwai wani siririn bango mai yauƙi. A bayan bangon kuma akwai masu gadi, wato ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, abin da ake kira garkuwar jiki. A jikin mai lafiya masu gadin sun san mazaunan nan, ba sa taɓa su. Har akwai wasu a cikinsu da aikinsu kawai shi ne su ce wa sauran, ku tsaya, na gida ne. A jikin Nomau bangon ya yi rauni, mazaunan suna taɓa nama, masu gadin suka ɗauke su abokan gaba. Suka fara faɗa, suna aika saƙo a jini a ƙaro musu 'yan uwa, masu cewa a tsaya kuma aka fi ƙarfinsu. Faɗan nan shi ke kumbura hanjin, ya yi gyambo, ya zubar da jini. Gyambon ya ƙara buɗe bangon, masu gadin su ƙara hasala. Haka abin ke zagayawa. Ta ce ba a ɗaukar sa daga wani, ba abinci ne ke kawo shi ba ko da yake wani abincin na tsokanar sa, kuma yakan bi jini a wasu gidaje, ya kama wannan ya bar wancan. Dalilin da ya sa yake tashi a jikin wani, har yanzu ba a gama sani ba.

Ni nan take na gane, don na ga irinsa da idona: unguwa ta ɗauki 'yan sintiri don ɓarayi, a kwana a tashi su koma dukan 'yan unguwar. Nomau ya ce, "To likita, a sallame su mana." Ta yi dariya ta ce, "Baba, in aka sallame su duka, tari ma sai ya kayar da kai. Lallashin su za mu yi, mu rage musu zafi." Ya ce, "Har yaushe?" Ta ce, "Muddin rai." Ya juyo ya dube ni ya ce, "Alhajin Wake, ka ji. Shekara da shekaru ana korar ɓarawo, ashe mai gadi ne."

Ƙwayoyin farko sun yi aiki kamar almara. Jinin ya tsaya, ya ci abinci, fuskarsa ta cika. Amma irin waɗannan ba a daɗewa a kansu, suna cin ƙashi suna kawo wasu cututtuka. Waɗanda ake daɗewa a kai kuma yau akwai gobe babu, allurar da ke tare saƙon masu gadin kuwa a lokacin labarinta kawai muka ji. Ga shi hanjin ya riga ya lalace tun kafin mu zo. Ya roƙe ni in je in yi wa Jatau bayani, don shi in ya faɗa za a ce kare kansa yake yi. Na je. Jatau ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Sale, kai ma ka zama ɗan birni. Jiki ya yaƙi kansa? Wane ne ya taɓa ganin haka? A dai faɗi wanda ake zargi." Bayan girbin shekarar hanjin Nomau ya fashe. Aka yi masa aiki, bai tashi ba. Jatau ne ya fara sa magirbi a kabarin, ya yi haƙa har ƙasa ta kai masa ƙirji, bai bar kowa ya karɓe shi ba. Ba mugu ba ne. Na faɗi wannan don kada mai karatu ya ɗauke shi haka.

Nakan tambayi kaina abin da Nomau zai ce in ya ga yau. Hanyar ƙauyensu ta sami kwalta. Kasuwannin da yake gudu yanzu akwai masai na biya a bakinsu, na san da sai ya tsaya ya yi wa mai wurin godiya ta musamman. Kemis na ƙauye yana da firiji mai aiki da hasken rana. Allurar da muka ji labarinta ana samunta a birni, da tsada da wahala, amma ana samu. Kowane saurayi da waya a hannu, kuma a cikin wayar ba abin da ya fi yawa kamar masu tallar maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki, na sha da na lasa. Ina jin da zai ce, "Waɗannan ai makami suke sayar wa mai gadina." Kayan aiki sun canza ƙwarai. Abin da ke kan mutane game da ciwo bai motsa ba.

Ishaya ɗan Jatau ne na biyu, magidanci, da matarsa da jaririya, shi ke riƙe da noman gidan yanzu. Da ranin da ya wuce ya kawo mini wake shago. Na sa a kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi. Sannan na ga kafin ya zauna sai da ya waiga ya gano inda makewayi yake. Ban tambaye shi komai ba, na rufe shago na sa shi a mota. Likitar Nomau ta bar asibitin, wani saurayi muka samu. Aka leƙa, aka auna, amsa ɗaya. Amma ya ce an zo da wuri, hanjin bai lalace ba, in aka riƙe magani zai yi noma ya ga jikokinsa. Aka fara bincika ko yana da tarin fuka a ɓoye, don maganin kan tayar da shi, aka ga babu, aka ɗora shi a kan magani. Kafin ruwan farko Ishaya ya koma ɗaukar buhu. Na ce a raina, wannan karon mun riga shi.

Sai Jatau ya tambayi ɗansa aikin da maganin ke yi. Ishaya ba ya yi wa ubansa ƙarya, ya ce yana rage ƙarfin garkuwar jiki ne. Ranar aka kwashe ƙwayoyin aka kai ɗakin tsohon.

Na tafi ƙauyen lokacin noman farko. Na sami Jatau a gindin bishiyar ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, ya tsufa, ido ya fara yi masa hazo. Muka gaisa, na ce, "Yaya, maganin yaron nan na zo roƙo."

Ya ce, "Sale, shekara nawa rediyo na gaya mana cewa cutar da ta fi kowace muni ita ce mai karya garkuwar jiki? Mun ji, mun yarda, mun binne mutane da ita. Yau kuma ka kai ɗana a karya masa da gangan?"

Na ce, "Ba karyawa ba ne, ragewa ne. Tasa ta yi yawa, shi take ci."

"Ka taɓa jin lafiya ta yi yawa?"

"Yaya, ka ga yadda ya murmure da idonka."

"Nomau ma ya murmure. Fuska ta kumbura kamar ƙosai, kuna murna. Ina yake? Maganin nan naku ya sha ya mutu." Ya ajiye fartanyar. "Kai da kake da shago, gaya mini tsakani da Allah. A wannan zamanin, wa ke ɗaure wa mai gadinsa hannu?"

Na yi ciniki da mutane iri-iri, na san lokacin da magana ta ƙare. Kuma tsoronsa ba na banza ba ne, likitan da kansa ya ce mai shan maganin nan dole a riƙa duba jininsa, don wata cutar kan sami hanya. Abin da na kasa sa Jatau ya gani shi ne Nomau bai mutu don ya sha ba, ya mutu don bai sha da wuri ba. A cikin gida kuma mata sun riga sun samo nasu bayanin: wai Lami, matar Nomau, ita ce ke rama wa mijinta. Matar da ba ta taka gidan ba tun da aka raba gandu. Jin cewa ciwo na bin jini ya fi musu wuyar haɗiya, don in jini ne, ba wanda za a kama.

Na tsaya har yamma, aka fito da kwanoni. Dambun zogale da yaji, da tuwon dawa. Ishaya ya zauna kusa da ubansa ya sa hannu a kowane kwano, ya ci har da suɗi, Jatau na kallon sa yana gyaɗa kai. Bai kai ƙarshe ba ya tashi ya zagaya, ya dawo ya zauna ya ci gaba. Da zan tafi ya raka ni mota. Na ce masa in ya yarda zan riƙa aiko masa da maganin a ɓoye, in ya so ya ce kasuwa yake zuwa ranar ganin likita. Ya ce, "Baba Alhaji, fuskata za ta nuna. Kuma ina nan aka yi na Baba Nomau. Na ga yadda yake leƙo mu ta tagar ɗakinsa muna cin abinci. Ciwon zan iya da shi. Wancan ne ba zan iya ba." Na ce, "Jaririyar fa?" Ya dubi ƙasa, ya ce, "Ka sake yi wa Baba magana. In ya yarda, gobe zan zo."

Na je wurin faston majami'arsu, na je wurin mai unguwa. Kowannensu ya saurare ni da mutunci, kowannensu ya ce a bi tsoho a hankali. Ga mai karatu kuwa, abin da zan iya cewa kaɗan ne. In naka yana zawo da jini yana tafiya yana dawowa, yana ramewa, an yi maganin basir da na tsutsa ba a ga canji ba, a kai shi inda za a leƙa hanjin tun yana da ƙarfi. In ya ce wani abinci na cutar da shi, a yarda da shi. Na san kuma yawancin waɗanda ya kamata su ji wannan ba jarida suke karantawa ba.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Nomau, ba ya cika mini hannu. Masu awon da suka san gaskiyarsa suna ta ƙarewa, yaran kasuwa na yanzu ba su san wa'azinsa ba. Bayanin da ya gane tun a zaman farko, har ya yi barkwanci da shi, bai wuce ni ba, ni kaɗai nake yawo da shi. Abu ɗaya ne ya zauna daram. A ƙauyen yanzu in wani ya fara zubar da jini yana ramewa, ba a cewa basir, ba a cewa atuni, sai a ce ya kamu da ciwon Nomau, kuma ana nufin wanda ba a tashi. Mutumin da bai taɓa tauye wa kowa tiya ba, sunansa nan ya ƙare.

Makon jiya na sake komawa wurin Jatau. Ishaya bai fito gona ba, yana kwance a ɗaki, leɓensa fari fat. Tsohon ya yi laushi kaɗan. Ya ce an samo wani jiƙo daga wajen Zakirai mai ƙara ƙarfin jiki, a bari a gwada shi tukuna, in bai yi ba, bayan girbi sai in zo in ɗauki yaron. Na ce to. Dawa yanzu ta fara fitar da kai. Shekaru talatin ina sayen kaya ina ajiyewa, na san wanda zai kai kaka da wanda ba zai kai ba, kuma ban cika yin kuskure ba. Allah ya sa wannan karon na yi. Allah ya ji ƙan Nomau.